Zaitun da Gishiri: Aikin da Saiwa ke Yi a Ɓoye

   Iyayena manoma maza da mata, ƴan uwana ma'aikatan gona, da ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa. Na gode da kuka bar garake a tsakiyar lokacin ban ruwa kuka zo saurare.

Na san akwai wanda ya ji kan maganar yau ya ce a ransa, me ya haɗa Madarunfa da zaitun? Ba mu shuka shi. Abin da muka sani nasa bai wuce ƴar kwalbar mai da alhazai ke zowa da ita ba, sai ambatonsa a Alƙur'ani, inda Allah ya yi rantsuwa da shi a Suratut Tin. To, gishiri ne ya haɗa mu. Zaitun na cikin itatuwan da masana suka fi bin diddigin yadda suke rayuwa a ƙasa mai gishiri, tun daga ganye har cikin ƙwayoyin gadonsu, kuma abin da aka gano ya shafi duk mai ɗebo ruwa daga ƙasa yana zuba wa shuka a ƙarƙashin rana irin tamu.

Bari mu fara da lissafi. Babu ruwan rijiya ko na foraji da ba shi da gishiri a narke, ko da harshe bai ji shi ba. Mu ɗauka akwai rabin giram a kowace lita, ruwan da kowa zai sha ya ce garai yake. Hekta guda da ake nomawa rani da bazara na iya shan lita miliyan 10 a shekara. Ku ninka. Ton 5 ke nan na gishiri, buhu 100 mai kilo 50, a hekta guda, kowace shekara. Shuka ta sha ruwan, rana ta ɗauke saura, gishirin kuwa ba ya tashi sama. Iyayenmu mata sun san wannan a tukunyar miya: in ta daɗe a wuta ruwa ya janye, gishirinta ke fitowa, alhali ba a ƙara ko ɗan tsunkule ba. A ƙasar nan rana da iska na iya ɗauke ruwan da ya haura mita 2 a shekara, damina kuwa ta ba mu abin da bai fi milimita 500 zuwa 600 ba.

Abin da ke ceton mu har yanzu shi ne yawancin ƙasarmu jigawa ce, ruwan damina na ratsa ta ya tafi da gishirin ƙasa can. A fadama kuma, inda laka take, ambaliyar Gulbin Maraɗi ce ta saba yin wankin. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina a wajajen 1990, tafiyar gulbin ta sauya, kuma kun fi ni sanin haka. A lokaci guda noman rani ya bunƙasa: filin Jiratawa mai sama da hekta 500 da aka buɗe a farkon shekarun 1980, ga garaken zogale, ga injinan ban ruwa a kowace kusurwa. Wannan alheri ne, ina murna da shi. Amma ruwan da muke zubawa ya ƙaru, wanda ke wankewa bai ƙaru ba. A gabar Kogin Kwara, a filin Lossa, masana sun yi shekaru suna nazarin yadda kanwa ke kama ƙasar ban ruwa. A duniya baki ɗaya, hukumar FAO ta ce a rahotonta na 2024 hekta miliyan 1,381 ke fama da gishiri, wato sama da kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa.

Ana auna gishiri da ƴar na'ura mai gwada yadda lantarki ke ratsa ruwa, ma'aunin kuma sunansa desisimens. Ruwan teku yana wajen 50. Ƙasa in ta kai 4, sai a ce mai gishiri ce. Yanzu ku saurari inda amfanin gona ke fara raguwa, bisa jadawalin da Maas da Hoffman suka fitar a Amurka a 1977, wanda aka sabunta daga baya, har gobe kuma ake aiki da shi. Karoti yana fara jin jiki a 1.0, albasa 1.2, salati 1.3, tattasai 1.5, kabeji 1.8, tumatir 2.5. Dabino sai 4.0, wake 4.9, alkama 6.0, dawa 6.8, auduga 7.7. Kun lura? Abincin damina na kakanninmu, dawa da wake, su ne masu ƙarfin hali. Kayan garka da ke kawo mana kuɗi a rani su ne raunana, kuma su muke ba ruwan da ke tara gishirin. Shi ya sa ba na son mu jira sai mun ga fari-fari a kan kunyar fangali. Albasa kan rage girma tun ƙasa ba ta nuna komi ba, manomi ya ɗora wa iri laifi ko ya ƙara taki.

Shi zaitun yana tsaka-tsaki, ya fi lemu da mangwaro juriya nesa ba kusa ba. A Safakis ta ƙasar Tunisiya, inda ruwan sama bai fi milimita 200 ba, ana dasa irin da ake kira Shamlali da tazarar mita 24 tsakanin itace da itace, wajen 17 a hekta. A hamadar Nakab ana ba shi ruwan ƙarƙashin ƙasa mai zartsi, yana ba da mai. Ta yaya?

Gishiri na cutar da shuka ta hanya biyu, ɗaya nan take, ɗaya a hankali. Masaniyar Ostireliya Rana Munns ce ta fi kowa fayyace wannan. Ta farko ƙishirwa ce. Ruwa na shiga saiwa ne saboda abin da ke narke a cikinta ya fi na waje yawa, ruwa kuwa kullum yana bin ɓangaren da ya fi kauri. In gishiri ya yi yawa a ƙasa, sai jan ya ragu, har ya juya. Shuka na tsaye cikin danshi tana yaushi. Duk wanda ya taɓa zuba takin zamani da yawa dab da gindin tumatir ya ga ya ƙone, ya ga wannan da idonsa, don takin ma gishiri ne. A nan zaitun yakan saki wani sinadari mai kai saƙo, ABA, wanda ke sa ƙananan kafofin da ke bayan ganye su tsuke. Ruwa ya daina fita, amma iskar da ganye ke haɗa abinci da ita ma ta rage shiga, girma ya ja baya.

Ta biyu guba ce. Gishirin girki haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorayid. Jikin shuka kuwa an gina shi da ƙananan ɗakuna da ake kira sel, waɗanda ido ba ya gani, kuma a cikin kowane akwai injinan furotin sama da 50 da ba su aiki sai da potasiyam. Matsalar ita ce sodiyam ya yi kama da potasiyam. Yana kutsawa ta kafofin da ba su tantancewa sosai, ya zauna a gurbin potasiyam, aikin kuma ba ya iya yi. Makonni kaɗan sai ka ga bakin tsohon ganye ya bushe ya yi ja-ja, ƙunar ta bi gefe-gefe tana cin ganyen, daga baya ya faɗi.

A shekarun 1990, masana biyu a Italiya, Massimiliano Tattini da Riccardo Gucci, sun kwatanta irin zaitun biyu na ƙasarsu, Farantoyo da Lecino. Aikin ba shi da wani asiri. Ƙananan dashe ne a tukwane, ana ba su ruwan gishiri gwargwado ɗaya. Bayan makonni a tumɓuke, a raba saiwa dabam, kara dabam, ganye dabam, a busar, a niƙa, a auna. Suka tarar Farantoyo yana riƙe sodiyam a saiwa, kaɗan ke haurawa sama. Lecino kuwa yana bari ya wuce zuwa ganye. Wannan shi ne ginshiƙin maganar yau: zaitun mai juriya ba ya son gishiri, ganyensa ma ba ya iya ɗaukar da yawa. Saiwarsa ce ke tare shi.

Da me take tarewa? Akwai shinge na zahiri. A cikin saiwa akwai wani zobe na sel da ke shafe bangonsa da wani abu mai kama da kakin zuma, suberin, wanda ruwa ba ya ratsawa. Duk abin da zai kai jijiyar da ke hawa da ruwa dole ya bi ta cikin sel, inda ake tantancewa. Masu bincike a Pisa sun nuna a 2015 cewa in gishiri ya zo, zaitun kan shimfiɗa wannan shinge har kusa da tsinin saiwa, inda a da yake a buɗe.

Sai kuma famfuna. A nan ne ilimin ƙwayoyin gado ya shigo. A cikin kowane sel akwai dogon zare, DNA, wanda a kansa aka rubuta yadda ake ƙera kowane furotin. Kowane yanki mai ɗauke da umarni guda shi muke kira ƙwayar gado. A ƙarshen shekarun 1990, Jian-Kang Zhu da abokan aikinsa a Jami'ar Arizona sun yi aiki da wata ƴar ciyawa, Arabidofsis. Suka lalata ƙwayoyin gadonta barkatai, suka shuka dubbai a kan gishiri kaɗan, suka tsinci waɗanda suka kasa. Da suka bi sawu, sai ga ƙwayoyin gado uku masu aiki a jere. Da sodiyam ya taɓa saiwa, kalsiyam kan yi tsalle a cikin sel. Furotin SOS3 ya kama kalsiyam ɗin, ya je ya tada SOS2. Shi kuma SOS2 ya kunna SOS1, wanda ke zaune a fatar sel yana tura sodiyam waje. An tantance SOS1 a shekarar 2000.

Wanda ya kuɓuce ya shiga fa? Kowane sel na shuka yana da wata jaka ta ruwa a tsakiya, wadda kan cinye har kashi 90 cikin 100 na cikinsa. Furotin NHX1 yana kan fatar wannan jaka, yana zuba sodiyam a ciki, nesa da injinan aiki. Eduardo Blumwald ya nuna haka a Toronto a 1999, kuma a 2001 suka fito da tumatir da aka ƙarfafa masa wannan ƙwayar gado, ya yi ƴaƴa a ruwan da gishirinsa ya haura kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku. Daga baya an gano furotin ɗin yana jigilar potasiyam ma, kuma wannan na cikin amfaninsa. Na ƙarshe shi ne HKT1, wanda ke zaune a gefen jijiyar ruwa yana tsamo sodiyam ɗin da ya riga ya kama hanyar ganye. Wannan ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga gona: a 2012 su Munns suka ba da rahoton cewa da suka ɗauko irinsa daga wata tsohuwar alkama ta hanyar barbara, ba tare da wani dashen ƙwayar gado ba, amfanin alkamar taliya ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a ƙasa mai gishiri.

Shi zaitun an karanta zarensa gaba ɗaya a 2016, a Basalona ta Sifaniya, daga wani tsohon itace irin Farga da aka ƙiyasta ya haura shekara 1,000. Haruffa wajen miliyan 1,400, ƙwayoyin gado sama da 50,000, zaren kuma a naɗe cikin ƙunshi 46. Ɗan Adam ma ƙunshi 46 gare shi, amma ƙwayoyin gadonsa wajen 20,000 ne. Ikon Allah ke nan. Itacen da ba ya iya tashi ya gudu daga fari ko gishiri, an ba shi kayan aiki fiye da namu. A cikin zaren an sami dangin SOS1 da NHX da HKT duka.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, mai juriya da marar juriya duk suna da waɗannan ƙwayoyin gado. Bambancin yana wajen kunnawa. A wani bincike da ya fito a 2012, a cibiyar binciken noma ta Haniya a tsibirin Kirit na Girka, an ba irin Kalamon da irin Halkidiki ruwan gishiri. Ana yanko saiwa, a jefa ta nan take cikin ruwan naitirojin mai sanyin 196 ƙasa da sifiri don komi ya tsaya cak, sannan a ƙirga saƙonnin da kowace ƙwayar gado ke aikawa. A Kalamon mai juriya, sama da 200 suka sauya aiki. A Halkidiki ba su kai 40 ba. Ɗaya ya ji gishiri ya tashi tsaye, ɗayan ya yi jinkiri. Cikin waɗanda suka motsa akwai masu ba sauran umarni, kuma su ne masu neman sabon iri ke farauta yanzu.

Akwai wata dabara ta zaitun da nake so ɗalibai su riƙe. In an tara gishiri a jakar tsakiya, sauran sel na buƙatar abin da zai daidaita kauri, in ba haka ba jakar ta tsotse masa ruwa. Zaitun na amfani da wani ɗan uwan sukari, manitol, wanda ganyensa ke ƙerawa da yawa ko babu gishiri. Masana a Jami'ar Minyo ta Fotugal sun nuna a 2011 cewa in gishiri ya zo, ƙwayar gadon da ke shigo da manitol cikin sel tana ƙara aiki, wadda ke ƙona shi kuma tana lafawa. Shiga ta ƙaru, ci ya ragu, manitol ya taru. Yana riƙe ruwa, yana kuma kashe kaifin wasu ɓarɓashin iskar oksijin masu ƙona sel daga ciki. Sinadaran da ke sa ɗanyen zaitun ɗaci ma suna wannan aikin kariya, shi ya sa gwaje-gwaje da dama suka sami man itacen da ya sha ruwan zartsi ya fi ɗaci da kaifi, ƴaƴan kuma sun fi ƙanƙanta.

Duk wannan ba kyauta ba ne. Kowane famfo da ƙarfi yake aiki, ƙarfin kuma daga sukarin da ya kamata ya zama reshe ko ɗa yake fitowa. Kuma shingen na da iyaka: in gishiri ya wuce kima, saiwa ta cika, sodiyam ya kwarara sama ko a irin da ya fi kowane juriya. A kudancin Sifaniya an yi shekara 9 ana ba manyan itatuwan Pikuwal ruwa mai desisimens 5 da mai 10, aka wallafa sakamako a 2009: amfani bai ragu ba. Wanda ya tsaya nan zai ce an gama. Amma a wurin ana samun ruwan sama wajen milimita 700 yana wanke ƙasa kowace shekara, kuma an riƙa sa kalsiyam a ruwan ban. Ku tuna kalsiyam ne ke tada SOS3, shi ne kuma ke rage kutsen sodiyam ta kafofin saiwa. Ƙwayar gado ta yi nata, wanki da kalsiyam suka yi nasu.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce na ce a dasa zaitun a bakin tafkin Madarunfa. Yawancin irinsa ba ya fure sai ya sha makonni na sanyi mai tsanani fiye da hunturunmu, kuma damina mai zafi da laima ba ta yi masa daɗi. Zai iya yin ganye ya hana ɗa.

Amma Nijar na da zaitun nata, kuma mutane ƙalilan suka sani. A duwatsun Ayar, a Bagzan da Tamgak, can sama inda tsawo ya haura mita 1,400, akwai zaitun daji da Abzinawa ke kira aleo. Danginsa na Hoggar a Aljeriya da Jabal Marra a Sudan. Saura ne daga zamanin da Sahara ke da ruwa. Binciken da Fabien Anthelme da Guillaume Besnard suka yi tare da abokan aikinsu na Nijar, wanda ya fito a 2008, ya nuna itatuwan kusan ba su haihuwa ta iri. Tsohon gindi ne ke ta fid da toho, awaki da raƙuma na ci. Itacen da ya yi dubban shekaru da ruwan da sau da yawa bai kai milimita 100 ba, ya ƙware a jure ƙishirwa, ƙishirwa kuwa ita ce dukan farko na gishiri. Yana barbara da zaitun gida. Ina ganin abin takaici ne a ce wannan dukiya na ƙarewa a kan dutse ba mu tara ta a lambun adana iri ba, ba mu gwada ta a ruwan zartsi ba.

Tunda aikin a saiwa yake, ga wata ƙofa da muka riga muka iya: auren itace. Mai juriya ya zama gindi, mai daɗin ɗa ya hau kai. Muna yi da mangwaro da lemu. Marigayi Dov Pasternak, wanda ya yi shekaru yana noma da ruwan zartsi a Nakab kafin ya zo cibiyar ICRISAT ta Sadore a 2001, da wannan dabara ya yaɗa magaryar Indiya mai manyan ƴaƴa a kan gindin magaryarmu. Tumatir da yalo ma ana yi musu aure.

Ga abin da nake roƙo. Ƙungiyoyin manoma su mallaki na'urar auna gishiri. Ƴar ƙarama ce, tana shiga aljihu. A auna ruwan kowace rijiya sau biyu a shekara, bayan damina da tsakiyar bazara, a rubuta a littafi. Lamba guda ba ta faɗin komi, amma ta shekara biyar a jere za ta nuna inda aka dosa. Magudanun da ke fitar da ruwa daga fili a yashe su kamar yadda ake yashe masu kawo shi, don ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin laka shi ke hawowa da gishiri. Lokaci-lokaci a ba fangali ruwa mai yawa ya nutse ƙasa da saiwa, a rufe ƙasa da kara ko ciyawa, a ƙara takin gida. Inda kanwa ce ta kama, ƙasa ta yi santsi in ta jiƙe, ta yi tauri in ta bushe, ruwa ya ƙi shiga, wanki kaɗai ba ya yi. Sai an sa jips, mai ɗauke da kalsiyam, kuma akwai shi a jahar Tawa, da shi ake haɗa siminti a Malbaza. Filin da ya riga ya nuna alama, a huta da albasa a kansa, a sa wake ko dawa.

Ku kuma ƙannena na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da masu zuwa koyon aiki a cibiyar INRAN ta Tarna, gwajin da ya raba Farantoyo da Lecino tukwane ne da gishirin kasuwa da sikeli da haƙuri. Ku bi Gabi da Safo da Ɗan Isa da Sarkin Yamma, ku karɓi irin zogale da tattasai da albasa da yakuwa daga hannun tsofaffi, ku rubuta sunan da suke kiran kowane da garin da ya fito. Ku shuka, ku ba su ruwa mai desisimens 2 da 4 da 8, ku auna saiwa dabam, ganye dabam. Wanda ya tsaya da ƙafarsa, shi za a kai ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin gadonsa, kuma manomin da ya adana shi a fara gaya masa sakamako, da Hausa.